Farautar gwal a gwanjon Amurka: shagon agaji, ƙofar gida, kayan gado ko shagon jingina?

Wata ƙanwata da ta zo Amurka bara ta kira ni ranar Juma'a da daddare. Ta tara dala 300, ba ta da aiki safiyar Asabar, kuma ta ji ana cewa a ƙasar nan ana tsintar gwal cikin tarkacen gwanjo. Ta ce, "Yaya, ina zan nufa?" Na ba ta amsa a gurguje, amma maganar ta fi ƙarfin waya. Shi ya sa na zauna na rubuta ta, don ita da duk wadda ta rasa inda za ta fara.

Labarin tsintuwar gaskiya ne. A shekarun 1980 an sayi wani zobe fam 10 a kasuwar gwanjo ta bayan mota da ake ci a harabar asibitin West Middlesex, yammacin Landan. An ɗauka gilashi ne, aka yi ta sa shi shekara da shekaru. A 2017 kamfanin gwanjo na Sotheby's ya sayar da shi fam 656,750, domin ashe daimon ne mai nauyin karat 26. Sai dai wannan sa'a ce, ba a yin kasafi a kanta. Abin da ake samu yau da gobe shi ne tsinkakkiyar sarƙa, ɗan kunne wari ɗaya, zoben azurfa da ya yi baƙi. Kuma su ɗin ma kuɗi ne, tunda oza ɗaya ta gwal ta haura dala 2,000 a 2020, ta haura 3,000 a watan Maris na 2025, ta kuma haura 4,000 a Oktoban shekarar.

Abin da na gano bayan yawo mai yawa shi ne, arahar gwanjo daga rashin tantancewa take fitowa. Duk lokacin da kaya ya bi ta hannun masani ya duba shi, farashinsa ya hau, haɗarinsa ya sauka. Wuraren nan duka a kan wannan tsani suke, kowanne da matakinsa.

Ma'aunin da za ki auna su da shi

Abu huɗu nake dubawa. Farashi, wato tazarar da ke tsakanin abin da za ki biya da ainihin kuɗin ƙarfen. Ƙarko, wato ko abin zai jure sawa ko kuwa na narkarwa ne kawai. Sauƙi, wato lokaci da mai da sammakon da zai ci miki. Sai haɗari: jabu, kayan sata, da rashin damar mayarwa.

Ba za ki iya auna farashi ba sai kin iya karanta hatimi. Ana buga shi a cikin zobe, ko a jikin maƙullin sarƙa, ko a tsinken ɗan kunne. Mu da idonmu ya saba da gwal ɗin Saudiyya da Dubai mun san 750 da 875 da 916, wato karat 18 da 21 da 22. Na Amurka galibi 14K ne, wanda ake rubuta shi 585, ko 10K, wato 417. Ma'anar lambar ita ce kason gwal cikin dubu. Launinsa ya fi namu haske, har sabon zuwa kan raina shi ya wuce. Azurfa ta gari 925 ce. Idan kuma kin ga GP ko HGE ko RGP, shafe ne aka yi wa tagulla, ɗan'uwan GL ɗinmu na gida. GF ya ɗan fi su: rubutun 1/20 12K GF na nufin kashi ɗaya cikin ashirin na nauyin abin gwal ne mai karat 12, wanda bai wuce kashi biyu da rabi cikin ɗari na tsantsar gwal ba. Yana da kyau a wuya, yana daɗewa bai koɗe ba, amma ba kadara ba ne.

Lissafin kuwa ba wuya. Ozar gwal giram 31.1 ce. A ce oza tana dala 4,000, giram ɗin tsantsa ya kama wajen dala 128 ke nan. Na 14K wajen 75, na 10K wajen 53, na 18K wajen 96, na 21K wajen 112. Sarƙa mai giram 5 ta 14K tana ɗauke da gwal na kusan dala 375. Ki duba farashin ranar a wayarki kafin ki fita, ki kuma sa a ranki cewa mai sayen gwal don narkarwa ba zai ba ki cikakken wannan kuɗi ba, sai ya cire nasa.

A jaka kuma kar ki rabu da abu uku: gilashin maƙera mai ƙara girma sau 10, maganaɗisu mai ƙarfi, da ɗan sikelin giram. Maganaɗisu ba ya jan gwal ko azurfa, amma ba ya jan tagulla ma, don haka jabun ƙarfe kawai yake kore miki. Idan ya ɗan ja maƙulli kaɗai kar ki damu, akwai ɗan siririn ƙarfe a ciki da ke buɗe shi. Ruwan gwaji, wato asid ɗin da ake gwada gwal da shi, da dutsensa a gida ake barinsu.

Gwanjon ƙofar gida

Nan ne ƙasan tsanin, kuma nan zuciyata ta fi karkata. Iyali za su tashi, ko gareji ya cika, sai su jera tebura a gaban gida su kafa kwali a bakin titi. Daga lokacin da sanyi ya ja baya zuwa farkon kaka ake yi, yawanci Juma'a da Asabar, tun ƙarfe bakwai ko takwas na safe. Ana sanarwa a Facebook da shafin tallace-tallace na Craigslist. Akwai ma wanda ake yi a kan babbar hanya mai lamba 127 duk farkon Agusta, kwana huɗu, tsawon mil 690 daga Addison ta jihar Mishigan har Gadsden ta Alabama, kuma tun 1987 ake yinsa.

Farashi ba inda ya kai nan sauƙi. Kayan ado a cikin kwano ko tsohon akwatin takalmi, dala ɗaya, dala biyu, wani lokaci a ce ki ba da biyar ki kwashe duka. Mai gidan ba ɗan kasuwa ba ne, so yake wurin ya zama fili kafin la'asar. Na taɓa zazzage irin wannan kwano a kan mayafina, cikin duwatsun roba da maɓallai, na ga wata siririyar sarƙa ta cukurkuɗe ta zama ƙulli kamar ƙwallon goro. Ba ta walƙiya irin ta maƙwabtanta. Da na ɗora ta a tafin hannu sai na ji nauyinta ya fi girmanta, na kanga gilashi na ga 14K a ɗan faifan da ke kusa da maƙulli. Gwal na gaske sau da yawa shi ne mai kunya a cikin tulin, jabun ne ke ɗaukar ido.

Ƙarko sai yadda hali ya yi: rabin abin da za ki samu karyayye ne ko wari ɗaya. Ga mai tara nauyi wannan ba aibi ba ne, tsinkakkiyar sarƙa da lafiyayya giram ɗaya suke a sikeli. Wahalar tana wajen sauƙi. Sai da mota, sai da ƙananan takardun kuɗi a hannu, sai da sammako, don da sanyin safiya ake kama fara, kuma masu wannan sana'a tun kafin a gama jera tebur suke tsaye. Kina iya zaga gida goma sha biyar ki dawo da kofin shayi kawai. Dabarar da ta fi yi mini amfani ita ce tambaya. Da yawa ba sa fito da kayan ado waje don tsoron masu ɗan hali, amma in kika gaisa da kyau kika ce ko akwai tsofaffin sarƙoƙi ko da karyayyu, sai ki ga an shiga an ɗauko akwati. Idan unguwa guda ta haɗu ta yi nata rana ɗaya, ko wata majami'a ta yi gwanjon tara kuɗi, can za ki nufa, kin rage kuɗin mai.

Haɗarin kuɗi kaɗan ne, asarar dala biyu ba ta hana barci. Babu mayarwa, babu rasit. Amma akwai wani nauyi da nake so ƙanwata ta sani tun yanzu. Wata rana za ki ɗaga zobe a teburin wata tsohuwa da mijinta ya rasu, ki ga 18K, ita kuma ta ce dala ɗaya. Ni dai a irin wannan ina gaya mata abin da na gani, in yi mata tayin da zan iya kallon idonta da shi. Wasu sun mayar da abinsu ɗaki, wasu sun sayar mini da farashin da dukanmu muka ji daɗi. Shagon da ke da ma'aikatan sa farashi daban ne, mutumin da bai san abin da ke hannunsa ba daban.

Shagunan gwanjo na agaji

Goodwill, wanda aka kafa a Boston a 1902, da Salvation Army, da ƙananan shagunan majami'u da asibitoci. Mutane ke kawo kaya kyauta, shagon ya sayar. Sauƙinsu ba a magana: kusan kullum a buɗe, ko ana dusar ƙanƙara, bas na zuwa, ana karɓar kati, ba sai kin yi ciniki da Turanci ba.

Amma a manyan shagunan an riga an tace. Tun 1999 Goodwill ke da dandalinsa na gwanjo a intanet, ShopGoodwill, kuma abin da ma'aikata suka gane yana da daraja galibi can yake tafiya, ko ya shiga akwatin gilashi da farashin da ya yi kusa da na kasuwa. Abin da ke tserewa shi ne wanda hatiminsa ya goge, ko yake ɓoye, ko ba su saba da shi ba. A nan idon Bahaushiya yana da riba: awarwaro mai 875 ko 916 da launi ja sosai, ma'aikacin da ya saba da 14K yana iya ɗauka fashon ne, ke kuwa kin girma kina ganinsa a hannun iyaye. Ƙananan shagunan da tsofaffin 'yan sa-kai ke kula da su sun fi barin irin wannan ya wuce.

Azurfa ta fi gwal samuwa a nan. Baƙin da take yi yana kore masu saye, alhali gogewa kawai take so. Ki duba 925, ki duba sunan Taxco, garin maƙeran azurfa na Meziko, ko Georg Jensen na Denmak. Akwai kuma tsofaffin kayan fashon masu ɗauke da sunan kamfani a bayansu, irin su Trifari da Coro da Monet da Miriam Haskell. Ba gwal ba ne, amma akwai masu tara su, kuma aikinsu ya fi na fashon ɗin yau ƙarko nesa ba kusa ba. Duk abin da aka rubuta wa Tiffany & Co kuwa ki ɗauke shi jabu har sai masani ya tabbatar, domin kwaikwayonsa ya cika gari.

Wasu shagunan na cika kwalba da tarkacen ado su naɗe bakin da salatif su sa mata kuɗi. Cinikin biri a sama ne. Ki juya ta a haske, in ba ki hango ko hatimi ɗaya ba, ki ajiye.

A irin wannan shago na yi asarar da ta koya mini hankali. Sarƙa mai kauri a akwatin gilashi, dala 45, maƙullinta ɗauke da 14K ɓaro-ɓaro. Na ga ɗan kore-kore a tsakanin zoben da ke gogar wuya, na kau da kai saboda zumuɗi. A gida na goga ta a dutse, na ɗiga ruwan gwaji, layin ya ɓace nan take. Hatimi shaida ce guda ɗaya, ana iya buga shi a kan tagulla, ana iya ɗaura maƙullin gaske a sarƙar ƙarya. Tun daga ranar nake duba wuraren da jiki ke goga kafin in duba lamba.

Gwanjon kayan gado

Wani ya rasu ko an kai shi gidan kula da tsofaffi, magada suka ɗauko kamfani ya buɗe gidan kwana biyu ko uku, komai da farashi a jiki, daga kujera har cokali. Ana ganin hotuna tun kafin ranar a EstateSales.net. Ingancin kaya a nan ya fi ko'ina, domin tarin rayuwar mutum ne guda: zoben aure, sarƙar da aka saya tun ana yin aiki mai nauyi, agogo, lu'ulu'u.

Kamfanin yana da masu gwaji, kuma kasonsa daga ciniki yake fita, saboda haka ranar farko gwal yana kusa da kuɗin nauyinsa ko sama. Al'adarsu ita ce rage farashi kowace rana, ranar ƙarshe sau da yawa rabi. To amma gwal mai kyau ba ya jiran ranar ƙarshe, kuma wasu kamfanonin ba sa sa shi cikin rangwamen. A ranar farko ana rubuta suna a layi ko a raba lamba tun asuba. Ni ba akwatin gilashin nake fara nufa ba, can kowa ke turereniya. Ɗakin kwana nake shiga, in duba aljihun madubi, gwangwanin allura da zare, da ledojin da aka haɗa tarkace aka sa musu dala uku. Babu mayarwa a nan ma, sai dai haɗarin kayan sata kusan babu. In zuciyarki ba ta son kayan mamaci, wannan ba wurinki ba ne, kuma ba laifi.

Shagon jingina

Saman tsanin ke nan. Mai shagon gwal ne abincinsa, ya gwada ya auna kafin ya ba da ko sisi. Ba za ki yi tsintuwa ba. Abin da za ki samu shi ne gwal na gaske ba tare da kuɗin ƙira da ribar shagon sabbi ba, da rasit, da wanda za ki koma wa gobe. Ciniki yana yiwuwa sosai in kina riƙe da tsabar kuɗi: ki ce a ɗora a sikeli a gabanki, ki yi lissafinki, ki taya. Wasu suna auna nauyi da wani ma'auni da suke rubutawa dwt, wanda yake giram 1.55, kar ya ruɗe ki. A jihohi da yawa doka ta sa su karɓi katin shaidar mai kawo kaya su kuma kai rahoto ga 'yan sanda, wannan ya rage kayan sata. Shagunan da ke unguwannin Indiyawa da Larabawa su ne inda ake dacewa da 21 da 22.

Ki kula da sarƙoƙi masu kauri marasa nauyi, cikinsu rami ne, da sun lotsa ba sa gyaruwa da kyau. Kar ki biya kuɗin dutse sai da takardar gwaji: moisanait, wani dutse mai kama da daimon, yana yaudarar ƙaramar na'urar gwada daimon, kuma daimon ɗin da ake ƙerawa a masana'anta ya karya farashin na hannu. Suna kuma tayin biya kaɗan-kaɗan su riƙe kayan har ki gama. Malamai sun yi magana a kan cewa cinikin gwal da kuɗi hannu da hannu ake yinsa, don haka ki tambayi malaminki kafin ki shiga wannan tsari.

Gwanjon intanet, irin ShopGoodwill da eBay, ba zan daɗe a kansa ba. Dubban idanu ne a kan hoto ɗaya, farashi kan tsaya kusa da kuɗin ƙarfe, ga kuɗin aikowa a kai, kuma ba ki taɓa abin da hannunki ba. Sai wadda idonta ya riga ya nuna.

| Wuri | Farashi | Ƙarko | Sauƙi | Haɗari |
|---|---|---|---|---|
| Ƙofar gida | Mafi araha | Karyayyu da wari ɗaya sun yi yawa | Mota, sammako, lokacin ɗumi kawai | Asara kaɗan, babu mayarwa |
| Shagon agaji | Araha zuwa matsakaici | Azurfa da tsohon fashon masu kyau | Kusan kullum a buɗe | Hatimin ƙarya, an riga an tace |
| Kayan gado | Tsada ranar farko, sauƙi a ƙarshe | Mafi inganci | Layi da turereniya | Babu mayarwa |
| Shagon jingina | Kusa da kuɗin nauyi ko sama | An gwada, lafiyayyu | Shiga ki fita | Kaɗan, sai a duwatsu |
| Intanet | Kuɗin nauyi da na aikowa | Sai ya iso | Daga ɗaki | Ba ki gani da ido ba |

Wa ya kamata ta je ina

Idan kadara kike nema, abin da za ki ajiye ki sayar ranar buƙata, shagon jingina ne naki. Ki nemi 18 zuwa sama, marar dutse, mai nauyi. Kafin ki tara 10K da 14K da niyyar kai su Kano ko Yamai, ki kira mai gwal ɗinki ki ji nawa zai karɓi giram, domin kasuwarmu ta fi sabawa da manyan karat. Ki kuma tuna gwal ɗin ajiya ko na kasuwanci in ya kai nisabi, wajen giram 85 na tsantsa, zakka ta hau kansa.

Idan abin sawa kike so na kullum, wanda zai jure wanke-wanke da jan yara, 14K na gwanjon gado ya fi 22 ƙarfi, bai cika lanƙwashewa ba. Mai neman na biki da kuɗi kaɗan ta nufi shagon agaji ta ɗauki GF ko tsohon Monet, ta san abin da ta saya. Ga jarirai da yara dai ban yarda da fashon ɗin da ba a san asalinsa ba, don wasu na ɗauke da dalma, yaro kuma komai baki yake kaiwa. Maigida mai son zoben azurfa, shagon agaji zai wadatar da shi.

Mai son ta mayar da abin sana'a, ta saya ta sayar, ƙofar gida da ranar ƙarshe ta gwanjon gado su ne gonarta, in tana da mota da haƙurin dawowa hannu wofi sau da yawa. A Birtaniya kuma, shagunan agaji na Oxfam da kasuwar bayan mota su ne makwafin waɗannan, kuma aikin ya fi sauƙi saboda hatimin hukuma: kan damisa na Landan, ankar jirgi ta Birmingham, fure na Sheffield, ganuwa ta Edinburgh, sai 375 mai nufin karat 9.

Ƙanwata kuwa na ce ta raba kuɗinta. Dala 30 ta sayi gilashi da sikeli da maganaɗisu, dala 20 ta canza su ɗaiɗai ta bi gidajen unguwarsu Asabar huɗu a jere tana koyon karanta hatimi. Sauran 250 ta bar su a gida, sai ranar da za mu shiga shagon jingina tare.